Wane suna za mu ba abin da ke fitowa idan baƙin rami ya yagalgala tauraro?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata kalma ce ta tsaya mini a rai tun ranar Lahadi, na ce bari in kawo ta gabanku. Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, kuma duk Alhamis bayan an tashi nakan zauna da 'yan ƙungiyar kimiyya mu yi hira da Hausa zalla. Abin da ya sa na fara haka, na gaji da ganin yaro ya haddace jimlar Turanci tsaf, in ka ce ya faɗa maka ma'anarta sai ya sunkuyar da kai. Wannan makon za mu yi magana ne kan abin da Turawa ke kira "relativistic jet", musamman irin wanda ke tasowa idan gawurtaccen baƙin rami ya kama tauraro. "Baƙin rami", wato wurin nan a sararin sama da jan nauyinsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta, mun riga mun saba da shi. "Garken taurari" ma, wato "galaxy", mun amince da shi a zaman baya. Wannan ne ya gagare ni.

Ba a raɗa suna sai an ga jariri, don haka bari in fara nuna muku abin.

A tsakiyar kusan kowane babban garken taurari akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyoyi, wani ma biliyoyi. Na tsakiyar garkenmu ya kai nauyin rana miliyan 4, yana can nisan tafiyar haske ta shekara kusan 26,000. Taurari na kewaya shi lafiya lau, kamar yadda duniya ke kewaya rana. Amma jefi-jefi, sau ɗaya a shekara dubu goma zuwa dubu ɗari a garke guda, wani tauraro kan kauce hanya ya matso kusa fiye da kima. Daga nan gefensa da ke fuskantar ramin sai ya ji ja mai ƙarfi, gefen baya kuma ya ji ja mai rauni. Wannan bambancin ne ke kashe shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai taliyar murji ya san abin da nake nufi: curin kwaɓaɓɓen fulawa ne a hannunta, tana ja yana miƙewa, yana sirancewa, har ya zama zare. Idan ramin mai nauyin rana miliyan ɗaya ne, tauraron kuma irin ranarmu, wannan miƙewar kan fara ne a nisan kilomita miliyan 70, alhali bakin ramin kansa bai wuce kilomita miliyan 3 daga tsakiyarsa ba. Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: a waje ake yin ta'asar.

Jack Hills ya yi hasashen haka a 1975, Martin Rees kuma ya zurfafa lissafin a 1988, inda ya nuna cewa kusan rabin naman tauraron kan tsere ya ɓace a sararin sama, rabin ne kawai ke dawowa. Wanda ya dawo ɗin sai ya riƙa kewaya ramin, ya yi faɗi kamar faifai, yana gugar juna yana ɗaukar zafi. To a wasu lokuta ƙalilan, abin da bai wuce ɗaya cikin ɗari ba, daga tsakiyar wannan faifan sai wani siririn abu ya fito a miƙe, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, gas mai tsananin zafi, da gudun da saura ƙiris ya kai na haske. Shi nake nemar wa suna.

*

Na gode da amsoshin da suka shigo tun daren jiya. Bari in bi su.

Wani ɗan uwa daga Jega ya ce mu bar shi "jet" kawai, tunda mun karɓi "rediyo" da "kwamfuta" ba mu mutu ba. Yallaɓai, ba na ƙin aro. Amma wannan kalmar ta riga ta yi aure a gidan Hausa. Ka tsaya a tashar mota ka ce "jet", kowa jirgin yaƙi zai gani a ransa. Na gwada a aji shekarar da ta wuce, wani yaro ya tambaye ni da gaske wa ke tuƙa shi. Kalmar aro tana da amfani ne idan ta zo hannu wofi, mu zuba mata ma'ana. Wannan ta zo da kayanta.

Mutum huɗu sun ce "amai", ko "aman baƙin rami", saboda muna da "dutse mai aman wuta". Na san wannan ce za ta fi saurin shiga bakin mutane, kuma shi ya sa nake tsoronta. Amai daga ciki yake fitowa, abin da aka riga aka haɗiye. Baƙin rami kuwa duk abin da ya ƙetare bakinsa ya tafi ke nan, ko haske ba ya dawowa. Abin da muke magana a kansa bai taɓa shiga ciki ba, daga bakin ƙofa aka juya shi aka cilla shi. In na koya wa yara "amai" yau, gobe in ce musu babu abin da ke fita daga baƙin rami, wanne za su ɗauka? Na ga ana rubuta "baƙin rami ya yi gyatsa" a wasu labarai, ita ma matsalarta ɗaya. Kalmar da za ta koyar da kuskure tun kafin malami ya buɗe baki, gara a zauna babu ita.

"Feshi" kuma, wanda wata malama daga Zuru ta kawo, ya kama fitar da ƙarfi amma ya saki siranta. Feshin maganin ƙwari a gonar shinkafa bazuwa yake yi, shi ne ma amfaninsa. Namu kuwa sirantarsa ce abin mamakinsa. Haka "tartsatsi", ko'ina yake watsuwa. "Mashi" da "kibiya" sun kama miƙewa, sai dai abu ne guda da aka jefa sau ɗaya, namu kuwa kwarara yake yi ba yankewa.

Akwai shawarar da ta sa na daɗe ina tunani. Wani malaminmu na Islamiyya daga Gwandu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce Larabawa na kiran jirgin jet "naffasa", me zai hana mu ara daga can tunda Hausa ta saba shan ruwa a wannan rijiya? Allah gafarta Malam, tushen kalmar ya dace ƙwarai, domin fesarwa ce daga baki. Amma duk yaron da ya yi Falaƙi, da ya ji "naffasa" zuciyarsa za ta tafi ga masu tofi a cikin ƙulle-ƙulle. Ba na son in haɗa wannan darasi da wancan a kan yaro ɗan shekara 15. Sai dai Malam ya buɗe mini wata ƙofa da bai sani ba, don tun da ya ambaci baki na fara jujjuya kalmominmu na baki da ruwa.

*

Jiya Talata da yamma na je fadama wajen Argungu gun kawuna. Shinkafar rani yake yi, injin ban-ruwa na ta ƙara a bakin rijiya. Tiyon da ke kai ruwa kuyya ta uku ya huje a wani wuri, huda 'yar ƙarama kamar ta ƙusa, ruwa na fita ta nan siriri a miƙe, ya yi sama da tsayin mutum kafin ya karye. Kawu na neman robar da zai ɗaure wurin, ni kuma na tsaya ina kallo. Na ce, "Kawu, me za ka kira abin da ruwan nan yake yi?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Tsartuwa shikai mana. Riƙe min nan."

Na riƙe, amma hankalina ya riga ya tafi. Tsartuwa. Da muka zauna a gindin mangwaro na ba shi labarin tauraron da ramin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "In dai wanga abu siriri ne, kuma matsi ne ka tura shi, to tsartuwa ce. Ruwa ba shi tsartuwa sai an matse mai hanya."

Ku duba abin da kalmar ta ƙunsa. Tsartuwa siririya ce. A miƙe take tafiya, fuska ɗaya. Da ƙarfi take fita. Kuma ba ta ce komai game da ciki ko haɗiya ba, abin da take nunawa shi ne akwai matsi a bayanta da ƙunci a gabanta. Bahaushe ya san ta a tiyo, ya san ta a tsartar da yawu ta tsakanin haƙora, ya san ta ranar layya idan wuƙa ta sami jijiyar rago.

Ga inda misalin tiyo ya gaza, don kada in ruɗe ku. A can sama babu roba babu ƙarfe. Abin da ke matse hanyar shi ne maganaɗisu. Gas ɗin da ke faifan yana ɗauke da layukan maganaɗisu, ramin kuma yana juyawa kamar katantanwa, yana murɗa su. Ku tuna mai tufka igiyar rama, yana murzawa a cinyarsa, zaren na naɗewa yana tsawo. Haka layukan ke naɗewa su miƙe sama da ƙasa su zama kamar bututu, gas ɗin ya bi ta ciki. Roger Blandford da Roman Znajek ne suka yi lissafin a 1977, cewa ta wannan hanya ana iya tatsar ƙarfi daga juyawar ramin kanta, kuma mafi yawan masana a nan suka karkata. A nan ne nake roƙon masu fassara su daina kiran ƙarfin jan nauyi "maganaɗisu". Na sha jin "maganaɗisun ƙasa" a rediyo. A wannan darasin ana bukatar duka biyun, jan nauyi ne ya yaga tauraron, maganaɗisu ne ya yi tsartuwar, in sunansu ɗaya bayanin ya rushe.

*

Yayata da ke aikin jinya a Yauri ta kawo ƙorafi mai nauyi. Ta ce, "Ƙanena, tsartuwa ai abu ne na ɗan lokaci, tsit ka ji an gama. Kai kuma ka ce wannan yana daɗewa."

Yaya, ga abin da ya faru da na farko da aka gani. Ranar 28 ga Maris 2011, tauraron ɗan Adam na hukumar NASA mai suna Swift ya hango wata walƙiya ta hasken gamma. Da farko an ɗauka irin fashewar da aka saba gani ce, wadda kan yi daƙiƙu ko mintoci ta mutu. Wannan ta ƙi mutuwa. Ta riƙa tashi tana sauka kwana da kwanaki, da aka auna wurin da kyau sai aka ga daga tsakiyar wani ƙaramin garken taurari take, nisan tafiyar haske ta shekara kusan biliyan 4. Aka sa mata Swift J1644+57. Haskenta na eksire, irin wanda kuke ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya yi ta raguwa sannu a hankali, sai bayan kwana kusan 500 ya faɗi warwas cikin ɗan lokaci. Fassarar da aka yi ita ce naman tauraron da ke dawowa ya yi ƙaranci, abin da ke ciyar da ita ya ƙare.

To ki dubi tiyon Kawu. Muddin inji na aiki, hudar nan tsartuwa take yi, ko yini za a yi. Mai ya ƙare, ta tsaya. Ragon layya ma ai ba sau ɗaya jinin ke tsartuwa ba, yana yi yana sassautawa yana sake yi gwargwadon bugun zuciya. Ni a ganina wannan ya ƙara wa kalmar ƙarfi, domin ta zo da tunanin cewa akwai abin da ke tura ta, kuma in ya ƙare za ta ƙare.

Wani ya tambayi jam'i, tunda biyu ne ke fita. Ba sai mun wahalar da kanmu ba. "Tsartuwa biyu", kamar yadda muke cewa haihuwa biyu.

*

Saura rabin farko na sunan, wato "relativistic", kuma a nan ne na fi ganin ana ɓarna. An saba fassara ka'idar Einstein ta 1905 da "ka'idar dangantaka", sai wasu suka ce to mu ce "tsartuwar dangantaka". Ku faɗi wannan a gaban kowace tsohuwa ku ji abin da za ta fahimta. Zumunta za ta ji, 'yan uwa da surukai. Alhali abin da kalmar Turancin ke nufi a nan abu ɗaya ne: gudun ya kusa na haske har lissafin yau da kullum ya daina aiki, sai an ɗauko na Einstein.

Haske na cin kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, ya kewaya duniya sau bakwai da rabi a cikin wannan daƙiƙar. Abin da ke gudun kashi 10 cikin ɗari na wannan, bambancin da ka'idar ke kawowa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A kashi 99 kuwa, agogon da ke tafe da abin zai riƙa tafiya ninki bakwai a hankali in an gwada da namu. A kashi 99.99, ninki saba'in. Wannan adadi na ƙarshe ba don ado na kawo shi ba. Ranar 11 ga Fabrairu 2022, na'urar hangen nesa ta Zwicky da ke Palomar a Kalifoniya ta ga wani haske da aka sa wa AT2022cmc, wanda ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 8.5 kafin ya iso mu, wato ya taso tun ba a yi rana da duniya ba. Ɗaya daga cikin ayarin masanan da suka nazarce shi sun kiyasta gudun tsartuwarsa da kashi 99.99 cikin ɗari na gudun haske. Subhanallah.

Yaya aka yi muka ga abu mai wannan nisa? Abin da ke gudu haka ba ya raba haskensa ko'ina, tattara shi yake yi gabansa. Ku tuna dare a hanyar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Mai babur da ya nufo ka, fitilarsa har kashe maka ido take yi tun daga nesa. Wanda ya gitta ta gefe a wancan nisan, da ƙyar ka ga ɗan ja-ja. Waɗanda muka gani da irin wannan haske, biyun da na ambata da wasu biyu da Swift ya gani a 2011, duk sun saito mu ne. Akwai wanda aka gani ta gefe a garken Arp 299, nisan shekarar haske miliyan 150, inda aka shafe fiye da shekara goma ana bin sa da na'urorin rediyo har aka ga tsartuwar na tsawo a hoto, aka bayyana sakamakon a 2018.

An kawo "mai gudun haske". Gajere ne, amma ƙarya ce, domin duk abin da ke da nauyi ba ya kai wannan gudun. An kawo "mai dab da gudun haske", gaskiya ce tsantsa, sai dai tana da nauyi a baki. Wani ɗalibina na da, yanzu yana jami'a a Aliero, ya ce "mai tsere da haske". Na so ta ƙwarai, tana da daɗin faɗi, "tsartuwa mai tsere da haske". Na kwana da ita. Da safe na ajiye ta, saboda a tsere kowa na iya cin wani, kuma akwai tarko a nan. Garken M87 na da irin wannan tsartuwa, ko da yake tasa ta dindindin ce ba ta mutuwar tauraro guda ba. Heber Curtis ya fara lura da ita tun 1918. Da aka bi wasu curarrakin haske a cikinta da na'urar hangen nesa ta Hubble, sai aka ga kamar suna gudun da ya ninka na haske har sau shida. Ruɗin ido ne, yana faruwa idan abu ya nufo ka yana biye da hasken da shi kansa ya fitar, sai saƙon farko da na baya su iso kusan tare. Yaron da aka koya wa "tsere", ranar da ya karanta wannan zai ce ashe ta ci tseren.

Amma ku sake karanta abin da na rubuta yanzu: yana biye da haskensa. Ita ce maganar. Bin sawu. Wanda ke bin sawunka yana bayanka, kusa da kai, inda ka ɗaga ƙafa nan yake sawa, kuma muddin bin sawu yake yi bai wuce ka ba.

*

Na ga Malamin Gwandu ya amince, Yaya ma ta janye ƙorafinta, ɗan uwana na Jega ya ce zai riƙa rubuta ta amma a bakinsa "jet" zai ci gaba da cewa. Ba laifi, yallaɓai, rubutun ma ya isa a fara.

Abu ɗaya ya rage, sunan aukuwar kanta. Turawa sun ɗauko nasu, "tidal disruption event", daga cika da janyewar teku, wanda jan wata ke haddasawa, domin asalin lissafin ɗaya ne. Mu nan cikar Rima da ta Kwara ruwan sama ke kawo ta, in mun bi su sai mun yi dogon bayani kafin a gane. Kuma kada mu ce "haɗiye", tunda rabi kan tsira. Haɗiya ta gaskiya tana faruwa ne idan ramin ya haura nauyin rana miliyan 100, inda bakinsa ya yi faɗin da tauraro irin rana zai shige ɗungurungum kafin ya yage, ba haske ba labari. Wadda muke magana a kanta yagalgalawa ce, irin yadda kura ke yi wa akuya, wani a baki wani a warwatse. Don haka "yagalgalewar tauraro".

Ga jimlar da na rubuta a allo yau Alhamis: "A yagalgalewar tauraro, wani lokaci maganaɗisun da ke kewaye da baƙin rami kan haifar da tsartuwa mai bin sawun haske." Ban yi bayani ba, na ce su faɗa mini abin da suka gane. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wani siririn abu ne ya fita da ƙarfi, ya kusa kamo haske amma bai kamo shi ba." Na bayanta ya ce, "Malam, in tsartuwa ce, mene ne ya matse ta?" Na juya allo na fara zana musu igiyar rama.